Amsoshin Wasiƙunku: Kafin Ka Sayi Sabon Kwali, Ka Gama da na Ƙarƙashin Gado

Wasiƙun wannan makon kamar an haɗa baki, kusan dukansu a kan wasan yaƙin nan ne na kan allo, Advanced Squad Leader, wanda masu yinsa ke kira ASL. Ga wanda yau ya fara jin sunan: wasa ne na mutum biyu a kan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kamfanin Avalon Hill na Amurka ya fitar a 1985, ɗa ne ga Squad Leader na 1977, kuma tun 1999 Multi-Man Publishing ke buga shi. Allonsa taswira ce da aka yanka gida-gida masu kusurwa shida, kowane gida mita 40 ne a ƙasa, kowane zagaye minti 2 ne na faɗa. 'Ya'yan wasan ƙananan kwalaye ne masu faɗin rabin inci, guda ɗaya na tsaya wa sojoji kamar goma. Abin da ake bugawa kuwa kati ne, takarda ɗaya tak, mai faɗin ranar da aka yi wani artabu, allunan da za a shimfiɗa, sojojin kowane ɓangare, da abin da za ka yi kafin a ce ka ci. Irin waɗannan katunan sun kai dubbai, kuma ta nan ne aljihun mutane ke ɓulewa.

Kawu, ni ɗalibi ne a Zariya. Yayana ya kawo mini Starter Kit na ɗaya, ƙaramin kwalin masu koyo, daga waje. Ni da abokina mun buga katin Retaking Vierville ya fi sau goma, har mun haddace shi. Na ɗan tara kuɗi a hutun nan. In sayi Beyond Valor, kwalin farko na cikakken wasan?

A'a, ɗana. Kati shida ne a kwalin da ke hannunka, ɗaya ka buga. An jera maka kwano shida, ka buɗe na farko, ka ce girkin gidan ya gundure ka.

Retaking Vierville ai allon farko ne na makarantar, shi ya sa ba ko bindiga mai jigida a cikinsa, sojoji ne kawai da jagororinsu. Juya zuwa War of the Rats, cikin kangayen Stalingrad a 1942, ka ga yadda wasan ke sauya fuska idan aka damƙa wa Bajamushe bindiga mai feshin wuta da nakiya. Wanda ni na fi so a kwalin, kuma ba a cika ambatonsa ba don shi ne na ƙarshe, shi ne Released from the East, a Istra, yamma da Mosko, cikin sanyin ƙarshen 1941. Akwai kuma Welcome Back, inda 'yan tsirarun Amurkawa ke tare garin Hosingen a Disamban 1944. Ku buga kowanne sau biyu, kuna musayar ɓangare. Wasa goma sha biyu ke nan ba ka kashe ko sisi ba.

Kuma ka sani, babu dokoki a cikin Beyond Valor. Kundin dokokin daban ake sayar da shi, ɗaruruwan shafuka, ba irin 'yan shafuka 12 da ka saba da su ba. In kuɗin na ƙaiƙayinka bayan ka gama shidan, Starter Kit na biyu ne mataki na gaba, mai igwa, sannan na uku mai tankoki. Kowannensu cikakke ne, ba ya buƙatar wani kwali.

Malam, ina da kundin dokoki da Beyond Valor. Duk inda na leƙa, The Guards Counterattack da Hill 621 ake yabo. Kai waɗanne katuna ne kake so waɗanda mutane ba su damu da su ba? — Ma'aikaci, Abuja

Yauwa, ga tambayar da ta sa na gyara zama.

Waɗancan biyun sun cancanci sunansu, tun zamanin Squad Leader ake buga su. Amma a cikin kwalin da ka riga ka biya akwai katuna biyu da nake son mutum ya buga a jere, ɗaya ranar Asabar ɗaya ranar Lahadi. Na farko The Citadel, a ganuwar Brest-Litovsk, cikin makon farko da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a Yunin 1941. Jamusawa sun ɗauka ganuwar aikin yini ɗaya ce, sai ga wasu daga cikin mutanensu an ritsa su a cikin majami'ar da ke tsakiyar sansanin, kwana da kwanaki, sai an je an fito da su. Daɗin katin shi ne kowa ya kewaye wani, kuma shi ma a kewaye yake. Ba ka da gaba ɗaya da za ka fuskanta ka huta.

Na biyu The Fugitives, Mayun 1945, ragowar sojojin Jamus na neman tserewa daga Berlin su yi yamma, ga gada a gabansu, ga Rashawa na rufe hanya. Mutanen da ka gani shekara huɗu baya suna taƙama, su ne yanzu a cunkushe cikin motoci suna neman mafita. 'Ya'yan wasan ba su canja ba, su ne dai masu launin toka-toka, amma hannunka zai riƙa rawa in za ka tura mota kan gadar. Na taɓa zama minti goma ina kallon mota ɗaya, abokin wasana har ya gama shayinsa ya sake zubawa, ban iya matsar da ita ba. Da na matsar kuwa aka ƙone ta a gida na biyu.

The Czerniakow Bridgehead ma a kwalin yake, Warsaw a Satumban 1944, lokacin da sojojin Poland da ke tare da Rasha suka haye kogin Vistula don su agaza wa masu tawayen birnin. Wasa ne na riƙe gini ɗaki-ɗaki kana kallon mutanenka na raguwa. Mila 18 kuwa, na tawayen unguwar Yahudawan Warsaw a 1943, da yawa suna tsallake shi, kuma ban ga laifinsu ba: ɓangare ɗaya aikinsa bin gida-gida yana zaƙulo mutanen da suka ɓuya. Sau ɗaya na buga shi. Ba wasan da za a yi ana raha ba ne.

In ka fita daga kwalinka, biyu ne nake mafarkinsu. Criniti's Escape, Habasha a Disamban 1935, a mashigin Dembeguina, inda mayaƙan Ras Imru suka rutsa da rundunar Italiya, suka tare wa ƙananan tankokinta hanya da duwatsu, suka far musu da hannu. Katunan yaƙin Habasha yanzu suna cikin bugu na uku na Hollow Legions, kwalin sojojin Italiya. Sai Khamsin, hamadar Libiya a 1942, tankokin Birtaniya da na Jamus suna laluben juna cikin guguwar ƙura. Sunan ma namu ne, hamsin ɗin nan dai da muke ƙirgawa, Larabawa ke kiran iskar da shi. Duk wanda ya taɓa tuƙi cikin hazon Janairu fitila a kunne da rana tsaka ya san abin da katin ke nufi: sai abu ya zo gab da kai kake ganinsa.

Amma kada ka tashi sayen waɗannan biyun tukuna. Karanta wasiƙar da ke biye.

Malam, na ji ana yabon Khamsin, na sa aka nemo mini katinsa, na kuma sayi wata fakitin katuna ta wani kamfani daban, goma sha wani abu a ciki. Da suka iso na ga ko ɗaya ba zan iya bugawa ba, wai ba ni da alluna da sojojin. An cuce ni ne? — Ɗan kasuwa, Kano

Ba wanda ya cuce ka, Alhaji. Kai da ba za ka sayi dila ɗaya ta atamfa a Kwari ba sai ka warware ta ka ɗaga ta a rana, kai ne ka yi cinikin biri a sama da dala. Ka yi haƙuri, kai za ka sha faɗan mutum ashirin yau, don wasiƙu irin taka sun fi kowace iri yawa a wurina.

Katin ASL ba wasa ba ne, takardar cefane ce. Duk abin da yake buƙata a rubuce yake a fuskarsa. Akwai ɗan zane mai lambobin alluna: in ka ga 26 ko 27, allunan hamada ne, in ba ka da su magana ta ƙare. Akwai hoton 'ya'yan kowane ɓangare, ka duba wace ƙasa ce. A ƙasa kuma akwai dokoki na musamman, nan za ka ga ko ana buƙatar wasu 'yan takardun da ake ɗorawa kan allo don a mai da gona ta zama tudu, ko kuwa faɗan dare ne. Kundin dokoki babi-babi yake: A na sojan ƙasa, B na yanayin wuri, C na igwa, D na motoci da tankoki, E na tarkace irin su dare da jiragen sama, F na hamada, G na dazuzzukan Asiya. Wanda bai gama narkar da D ba, me ya kai shi F?

Bari mu ƙirga Khamsin ɗin naka. Kundin dokoki, ɗaya. Beyond Valor, don Jamusawa da alamomin da kowane wasa ke amfani da su, biyu. For King and Country, don sojojin Birtaniya, uku. Allunan hamada, waɗanda da suke cikin West of Alamein na 1988 da aka daina bugawa, yanzu sai a sabon Hollow Legions, huɗu. Saye huɗu don takarda ɗaya. Beyond Valor kaɗai ya haura dala 100 tun kafin ya bar Amurka. Ka ɗora kuɗin jirgi, wanda da nauyi ake lissafa shi, kwalin nan kuwa ba fanko ba ne. Ka ɗora abin da za a ce ka biya kafin a sakar maka shi. Ka je wurin ɗan canji ya faɗa maka dala nawa take a safiyar ranar. Kai da kanka ka san buhun shinkafa nawa ke nan, ba sai na faɗa maka ba. Tun da aka saki naira a 2023 wannan wasan ya tashi daga abin sha'awa ya koma abin shawara da uwargida.

Su kuma kamfanonin gefe, irin Bounding Fire, Schwerpunkt, Le Franc Tireur na Faransa, da Friendly Fire na Suwidin, ba maƙaryata ba ne, wasu katunansu ma sun fi na kamfanin asali daɗi. Sai dai don wanda ya riga ya mallaki komai suke rubutawa. Fakiti ɗaya za ta iya neman allo daga kwali bakwai. Jerin allunan da kowane kati ke buƙata yana nan kyauta a shafin ASL Scenario Archive. Minti biyar da data ta naira ɗari sun isa su hana ka wannan asarar.

Tunda an taɓo ni, bari in fito da sauran. Abu biyu ke cin kuɗin mutanenmu bayan wannan: gwanjo da jabu.

Gwanjo na sha shi da bakina. Shekarun baya na ga wani tsohon kwali a intanet, hotonsa tsaf, farashi da sauƙi, mai sayarwa ya rubuta cewa da alama komai na ciki. Wannan "da alama" ɗin ban karanta shi da idon basira ba. Na biya, na jira wata biyu, na biya kuɗin fito. Da na ɗaga murfin, warin taba da na danshi ne suka fara yi mini sallama. 'Ya'yan wasan duk an zube su cikin leda ɗaya kamar gyaɗa. Na kwana uku ina tsince su da hantsaki a kan faranti, ƙasa-ƙasa, lamba-lamba. Da na gama, babu bindigogi masu jigida na ɓangare ɗaya gaba ɗaya, babu jagorori biyu mafi daraja, allo ɗaya kuma ya shanye ruwa ya kumbura kamar gurasa. Mai kayan ya daina amsa saƙo. Har yau kwalin na nan, ina ajiye rasit a ciki. Saboda haka in gwanjo za ka saya, ka ce a ɗauko maka hoton takardun 'ya'yan gaba da baya ba a ɓalle su ba, da hoton kowane allo lambarsa na nunawa. In an riga an ɓalle, ka ce a jera a ƙirga. In ya ce ba shi da lokaci, kai ma ba ka da kuɗi.

Jabu kuwa ya fi ba ni haushi, don yara yake kamawa. Wani zai samo hotunan 'ya'yan wasan, ya kai shagon buga takardu, a manna a kwalin taliya, a yanka da almakashi, ya sayar wa ɗalibi a ce rabin kuɗi. An kawo mini irinsa na gani. Kowane ɗa a wasan nan fuska biyu gare shi, gaba soja lafiyayye, baya kuma sojan da ya karaya, da lambar da za a nema kafin ya dawo hayyacinsa. A na jabun an manna bayan wani a gaban wani. Tawadar ta bazu, ba ka bambance 6 da 8, alhali tsakanin 6 da 8 ɗin nan ne rai da mutuwa suke. Launin Jamusawa da na Amurkawa sun koma ɗan'uwan juna. Kafin damina ta fita gam ya saki, fuskokin suna ɓarewa. Na gaske yankan inji ne, gefensa sumul, kaurinsa ɗaya, kuma a jikin babbar takarda yake zuwa, kai za ka ɓalle. Wanda ya miƙo maka a leda ya ce sabo ne, ka mayar masa da ledarsa. Ban da haka ma haƙƙin mutane ne. Masu tsara katunan nan yawancinsu ba attajirai ba ne, bayan sun tashi daga aiki suke yi.

Sai masu cewa kwali kaza ya ƙare a kasuwa, in ba ka saya yau a ninki uku ba ba za ka ƙara ganinsa ba. Mun ji wannan a kan kwalayen yaƙin Japan, Code of Bushido da Gung Ho, mutane suka zuba kuɗi, sai ga Rising Sun a 2013 ya haɗe su biyun a kwali ɗaya. Multi-Man Publishing na sake bugu, sai dai ba ya sauri. Yana buɗe rajistar masu so, in sun taru a buga. Ka sa sunanka ka koma harkarka.

Yanzu me za ka yi da katunan da ka riga ka saya? Kada ka yar. Akwai VASL, manhaja ce ta kyauta da ke shimfiɗa maka allunan da 'ya'yan a kwamfuta. Ba ta ba ka dokoki, ba ta ba ka katuna, ba ta kuma buga maka wasan, tebur ce kawai. Katunan kuwa ga su a hannunka, kundin dokokin ma ana sayar da na karantawa a waya ko kwamfuta, ba kuɗin jirgi. Ka buga Khamsin a can sau uku. In har bayan na ukun kana jin ƙurar a maƙogwaronka kana son ƙari, to sai mu yi maganar kwali.

Kawu, kakana ya yi yaƙin Bama, ya rasu ina ƙarami. Ban san komai game da inda ya je ba sai lambarsa da ke wurin kakata. Na ji akwai Bama a wasan nan. Me zan saya in ga irin abin da ya gani? Albashina ba yawa. — Malamin firamare, Kaduna

Allah ya jiƙan tsoho, ya kai haske kabarinsa. Wasiƙarka ta taɓa ni, ƙanena.

Kafin ka sayi komai, kana zaune a kan rabin labarin. Barikin Dalet da na Kalapanzin da kake wucewa a Kaduna, sunayen wurare ne a Bama. Haka Myohaung a Legas. Barikin Chindit na Zariya kuma sunan rundunar Janar Wingate na Birtaniya ne, wadda bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 na sojan Nijeriya suka shiga bayan layin Japanawa tare da ita a 1944. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi faɗa a kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, daga sama ake jefo musu abinci da harsashi, a ka kuma ake ɗaukar kaya. Ta 82 ta iso daga baya, su biyun suka haɗu a kan Myohaung a Janairun 1945. In takardar sallamar kakanka na nan, lambar bataliyarsa za ta nuna maka wanne daga cikin waɗannan ne nasa. Ka je ka zauna da kakarka da biro da littafi tun tana da ƙarfin ba da labari. Wannan ya fi kowane kwali.

A wasan kuwa, katin da zan nuna maka shi ne The Eastern Gate, Fabrairun 1944, a mashigin Ngakyedauk na yankin Arakan, Gurka, wato sojojin Nepal da ke yi wa Birtaniya yaƙi, da Japanawa a kan tuddai. A daidai lokacin ne mutanenmu ke can gabas da su a Kaladan. Za ka ga abin da ya sa tsofaffin nan ba sa son yawan maganar: sojan kowace ƙasa a wasan in wuta ta yi masa yawa karaya yake ya nemi maɓoya, na Japan kuwa sai dai a juya shi ya ragu, ya ci gaba da tahowa. Ga daji da ba ka ganin abin da ya wuce gida ɗaya a gabanka.

Sai dai katin na cikin Rising Sun, yana neman 'ya'yan Birtaniya daga wani kwalin, ga babin G wanda ko tsofaffin hannu na sosa kai a kansa. Ba na albashin malami ba ne a shekara ɗaya, kuma ba na mafari ba ne. Fara da Starter Kit na ɗaya, ko ku haɗa kuɗi da wani. Akwai na huɗu da ya shigo da Japanawa cikin sauƙaƙan dokoki. In hannunka ya faɗa, babin H na babban kundin na koya yadda mutum zai tsara nasa artabun. Ranar da ka shimfiɗa kwarin Kaladan a VASL da bataliyar kakanka, ka aiko mini, ni zan riƙe Japanawa.

Malam, ɗana mai shekara 17 ya kama wani wasa da abokansa, suna jefa dayis kamar na ludo, su yi awa huɗu a ɗaki. Hankalina bai kwanta ba. Ba caca ba ce?

Hajiya, kwantar da hankalinki, kuma kin yi daidai da kika tambaya. A tsarin wasan babu sa kuɗi. Dayis biyu ake jefawa, ɗaya fari ɗaya mai launi, don a ga ko harbi ya samu ko soja ya daure, a duba jadawali. Yawancin awa huɗun nan lissafi ne da buɗe littafi da gardamar doka, kuma da Turanci, wanda ba zai cuce shi a jarrabawa ba. Malamai suna da magana a kan wasannin da ake jefa dayis, ni kuma ba mai ba da fatawa ba ne. Ki sa shi ya ɗauki allon ya kai wa malaminku ya nuna masa yadda ake yi, a yi hukunci a kan abin da aka gani.

Abin da ni zan ce ki sa wa ido uku ne: kiran salla in ya same su a tsakiyar zagaye, littafin makaranta, da ranar da zai fara cewa akwai wani kwali da in bai samu ba wasan ba ya yiwuwa. Ranar nan ki ce ya kawo katunan da ke gida ya nuna miki waɗanda ya buga. Ki kuma leƙa ɗakin wani lokaci ki ce a koya miki. Yaran da ke ɓoye abu ba sa murna da wannan, masu wasan nan kuwa sai kin roƙe su su yi shiru.

Wane ɓangare ne ya fi ci, don in riƙa zaɓarsa kullum?

Wanda ya karanta sharaɗin cin wasa kafin ya jera sojojinsa. Akwai rajistar ROAR a intanet inda 'yan wasa ke rubuta wanda ya ci a kowane kati, za ka iya dubawa. Amma mai irin tambayarka ko an ba shi ɓangaren da ya fi rinjaye, a zagaye na biyu zai tura kowa tsakiyar titi a gaban mai jigida.

In na sayi kwalaye na ajiye ban buɗe ba, za su yi tsada in sayar da riba?

Wa za ka sayar wa? Mu nawa ne a ƙasar? Sayi tunkiya.

Kawu, allunana sun fara lanƙwashewa, kuma jiya fanka ta watsa mana wasan da muka yi awa uku muna yi.

Hunturu ne ya busar da su. Ka kwantar da su a shimfiɗe, ka ɗora littattafai masu nauyi, kada ka jingine su a bango. Lokacin wasa ka sa mai yankan gilashi ya yanko maka farar roba mai kauri daidai teburin, ka ɗora a kan allon, ta danne shi ta kuma tare shayi. 'Ya'yan ka zuba su a robobin nan masu ɗaki-ɗaki da masu gyaran waya ke ajiye ƙananan kusoshi, kowace ƙasa da robarta, ka ɗan rage kusurwoyinsu da abin yanke farce don kada su riƙa kama juna. Kwalin kada ya kwana a ƙasa, gara ba ta san dala ba. Da damina ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Fanka kuwa, ta sama a lamba ɗaya, ta tsaye a juya ta bango. In zafi ya yi yawa ku ɗauki hoton allon da waya a ƙarshen kowane zagaye.